Gaisuwar Tambari a Cikin Mota

Duk wanda ya san mahautar Sakkwato a shekarun da lori ta fara shigowa garin nan ya san Tambari, don ko ba ka gan shi ba ka ji shi. Ni kuwa Arzika, Allah ya jarabce ni da shi tun muna yara. Shiyarmu ɗaya, katangarmu ɗaya, a kasuwa ma rumfarsa na jingine da tawa. Mutumin kirki ne, ba zan ci naman bayansa ba, kuma wajen fiɗa babu mai kama ƙafarsa. Bakinsa ne kawai babu linzami. In Tambari ya yanka akuya da safe, kafin azahar ta zama bijimi, kafin la'asar kuma bijimin ya tunkuyi mutane da yawa kafin shi kaɗai ya kayar da shi.

Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Gusau, wani tsohon soja mai suna Mani ya samo lori, yana ɗibar mutane da kaya daga bakin kasuwa zuwa can duk ranar Juma'a. Ba zan yabi lorin Mani don in ɓata Tambari ba. Katako ne aka jera aka ce benci, a kansa mutum, ƙarƙashinsa akuya, bisa rufi ɗaurin fatu da kwandunan kaji. Tun hantsi Mani ke tsaye yana kiran saura mutum ɗaya, kuma mutum ɗayan nan yakan ci har la'asar bai cika ba. In an iso yashi kowa ya sauka ya tura, har mai rawani da ke gidan gaba. Amma dai za ka zauna, ka ci gyaɗar wani, ka ji gulmar garuruwan da ba ka taɓa zuwa ba, kuma ko ba daɗe za ka isa inda ka nufa.

Tambari ya taɓa shiga sau ɗaya. Ya sa sabuwar riga saƙi don Gusawa su gani, kajin sama suka yi masa zane a kafaɗa tun kafin a wuce gonakin Mabera, wata tsohuwa mai daddawa da ake kira Inna Habiba kuma ta mayar da ɗaya kafaɗar matashi har aka isa. Da ya dawo ya tsaya tsakiyar mahauta ya rantse.

"Ku shaida, ko gawata kada a aza bisa wagga aba."

Daga ranar ko sunanta ya daina faɗa. Akurkin Mani yake ce mata, kuma ya hana a ambaci lori a gidansa. Ya ce mutum mai daraja ba ya haɗa gwiwa da akuya, ba ya jiran wani ya cika kafin ya tashi. Mutum mai daraja tasa yake shiga, shi ya ja, shi ya tsaya inda ya ga dama.

Mun ɗauka zance ne irin nasa, sai ga shi Baturen wani kamfanin sayen fata zai koma ƙasarsu, yana da wata tsohuwar mota baƙa marar rufi da ta daɗe ƙarƙashin durumi. Tambari ya kora masa bijimansa na kiwo, waɗanda ya yi shekara yana yi mana kuri da su, ya karɓo ta. Baturen ya zaga da shi farfajiyar kamfani, ya nuna masa sitiyari, ya nuna masa abin takawa ta tafi da abin takawa ta tsaya, ya yi masa sallama. Da jakai aka jawo ta shiyarmu, Tambari na zaune ciki yana ɗaga wa mutane hannu. Ya ce mai yake tattali.

Daga nan fa muka shiga uku a mahauta. Kullum sai mun ji yadda Baturen ya riƙe baki don mamakin saurin ganewarsa, da yadda ya roƙe shi ya bi shi ƙasarsu ya koya wa mutanensu tuƙi. Ni da nake leƙe ta kan katanga na san iyakar abin. Yakan zaga fili bayan gidansa, kuma motar na da hali guda: ba ta san tsayawa ba sai mutuwa. Da ya taka birki sai ta yi tari ta shiɗe. Kafin ta farfaɗo sai an soka mata wani lanƙwasasshen ƙarfe a hanci an yi ta murɗawa har idon mutum ya yi ja. Baya kuwa bai san ma tana zuwa ba.

Ana cikin haka matarsa Karimatu, wadda ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Dange, ta sauka ranar Asabar, aka samu ɗa namiji. Shi ne ɗansa na fari. A nan kam na ga Tambari ya daina cika baki, abin da ban taɓa gani ba. Ya kira ni zaure ya ce tun ranar da aka rufe mahaifinsa Siddiƙu ya yi alkawari a bakin kabari, in Allah ya ba shi namiji sunan tsohon zai mayar. Duk cikin maganganun da Tambari ya yi a duniya, wannan kaɗai na san daga zuciyarsa ta fito.

Matsalar ita ce surukinsa, Malam Jinaidu, limami ne a Dange, mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Albarkacin amincinsa da marigayi Siddiƙu ya ba Tambari ɗiyarsa, kuma tun daga kayan aure ya gane cewa gobe ta Tambari takan kai wata. Malam yakan shigo birni sallar Juma'a ya koma a lorin Mani. Da yake suruki ba ya zance da suruki baki da baki, ni ya kira ya ba saƙo. Ya ce in gaya wa maƙwabcina ya kawo ragon suna bakin kasuwa ranar Juma'a su tafi tare. In ragon da mai shi ba su kwana Dange ba, to shi da asubar Asabar zai yanka nasa, ya raɗa wa yaro Sahabi, sunan nasa mahaifin, kuma ba zai saurari kowa ba.

Na kai saƙo. Tambari ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce a gaya wa Malam ya sha kuruminsa, kafin akurkin Mani ya fita ƙofar gari shi ya isa Dange, ya sha fura, ya yi barci ya tashi. Na ce to mu kama hanya tun da sassafe, ko ma tun Alhamis. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce da sassafe wa zai gan shi? Sai an sauko daga masallaci, gari ya cika, sannan zai ratsa ta tsakiya, ya bi ta gaban lorin ya matsa mata ham, mutanen ciki su san bambancin mai abu da ɗan cin arziki. Ni kuma zan zauna baya in riƙe rago.

Da na san abin da ke gaba da na ce cikina ke ciwo. Amma ni ma, gaskiya, ina son a gan ni cikin mota.

Aka sauko Juma'a. Tambari ya sha babbar riga fara ƙal, ya naɗa rawani, ya zuba turare har ragon na atishawa. Na murɗa ƙarfe, mota ta tashi, yara suka watse, mata suka leƙo ta bayan zana. Muka fita lungu da ƙara da hayaƙi, Tambari na matsa ham ko babu kowa a gaba. Ban ƙi a ce mun yi kyau ba a wannan ɗan taƙin.

Abin da Tambari bai sa a lissafi ba, ni ma ban sa ba, shi ne wannan garin Sakkwato ne, kuma yau Juma'a. Duk wani tsoho da ke da sauran ƙafa yana waje, daga mai dawowa masallaci sai mai tafiya gaisuwa. Kuma ɗan gari ba ya wuce na gaba da shi yana bisa abin hawa. Ko jaki kake kai sai ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Mutumin cikin lori babu ruwansa, kaya ne shi, an ɗaure shi cikin jama'a, wanda ya gan shi ma ba zai ce ya ƙi gaisuwa ba. Amma wanda ke riƙe da sitiyari da hannunsa, rawaninsa na sama da na kowa, ba shi da inda zai ɓoye.

Ba mu kai ƙarshen shiya ba sai ga Sarkin Pawa Dodo tafe da mutanensa. Mahauci ya wuce Sarkin Pawa? Gara ya nemi wata sana'a. Tambari ya taka birki, mota ta yi tari ta mutu. Ya tuɓe takalma, ya sauko, ya zube a ƙasa da farar rigarsa. Ni ma na sauko riƙe da igiya. Sarkin Pawa ba mai gaggawa ba ne. Ya tambayi mai jego, ya tambayi jariri, ya tambayi Dange da damanarsu, ya taɓa bayan rago ya ce ya yi mai amma ƙafarsa ta baya kamar da rauni. Sannan ya zaga motar ya ce, ashe wannan ce ta ci bijimai. Da ya wuce na kama murɗa. Ƙarfen ya ƙwace ya dawo ya bugi gwiwar hannuna, sai da na ga taurari da rana tsaka. Tambari daga sama ya ce ba na yi da zuciya ɗaya ne.

A nan wata Bafillatana mai ƙwaryar nono ta wuce mu tana kallo.

Muka yi gaba kaɗan, muka sha gabanta, Tambari ya matsa mata ham har ta yi tsalle. Muna karya kwana sai ga malaminmu na allo zaune bisa buzu ƙofar gidansa, tsohon da ya yi mana bulala tun ba mu san hagu da dama ba. Idonsa ya tafi amma kunnensa na nan. Ya ce wane ne wannan mai tahowa da tsawa? Birki, tari, mutuwa. Takalma, ƙasa. Tsohon ya sa aka kama hannunsa ya shafa motar tun daga fitila har baya, ya tambayi ina bakinta, me take ci. Da aka ce masa mai take sha sai ya tausaya mata. Ya ce sai ya yi mata addu'a, ya ɗauko tun daga annabawan farko, muna durƙushe muna amin, rana na gangarawa. Ya gama ya tofa mata a fitila. Kafin nan ragon ya samu wata ɓaraka a kujerar baya ya cinye rabin ciyawar da aka cusa ciki.

Mai nono ta sake wuce mu. Wannan karon ba ta ko matsa gefe ba.

Na uku ya fi su duka. Zaman makoki ne, an shimfiɗa tabarmi sun cike hanya bango da bango. Ba a wuce makoki da takalmi, balle da abin da ke tusa hayaƙi. Muka sauka muka yi ta'aziyya, aka shafa fatiha, muka jira wasu suka zo aka sake shafawa, don ba a tashi fatiha na tafe. Da ƙyar aka naɗe mana gefen tabarmi, muka tura motar da hannu, ƙafa ba takalmi, kai a sunkuye, ragon na biye yana kuka. Wani dattijo ya ce da na kusa da shi, a hankali amma yadda kowa zai ji, shi da ya ɗauka mota ke ɗaukar mutum.

Muna fita sai ga mai nono zaune a inuwa, ta sauke ƙwarya. Ta ce tunda dai yau tare muke wuni, ko za mu saya mu jiƙa maƙoshi?

Nan Tambari ya fusata. Ni ma na fusata, don hannuna ya kumbura kuma inuwa ta fara tsawo. Na ce masa mu yi wa kanmu faɗa, mu bar motar nan gindin bango, mu ja rago mu ruga bakin kasuwa, na tabbata mutum ɗayan Mani bai cika ba tukuna. Na tuna masa sunan mahaifinsa. Ya yi tsaye yana shafa gemu, har na ce ya ji. Sai na ga fuskarsa ta washe, ni kuwa na san wannan washewar.

"Arzika, mi ad durƙuso? Ba kai shi yi ƙasa ba, ƙahwa ba takalmi? To wa yac ce sai an sauka?"

Dabararsa ke nan. Zai tuƙa ba takalmi. In mun hango babba, ba zai taka birki ba, zai zame daga kujera ya durƙusa nan cikin motar, ƙasan sitiyari, ya riƙe shi da hannu ɗaya ta sama, ya kwaɗa gaisuwa da ƙarfi. Ni da ke baya sai in riƙa gaya masa dama ko hagu. An gaisa, an girmama, mota ba ta mutu ba. Ya ce ko Baturen da ya ƙera ta bai kai nan ba.

Na ce ban yarda ba. Ya ce to in sauka in bi akurki. Na dubi ragon, na tuna yaron da ke can Dange bai san abin da ake ciki ba, na koma na zauna.

Abin haushi, gwajin farko ya yi. Wani baffansa ne tafe da sanda. Tambari ya ɓace ƙasa, sai hannu ɗaya da tsinin rawani ake gani, murya na fitowa daga ciki tana barka da Juma'a. Ina ta kiran hagu, hagu. Muka wuce baffan yana tsaye baki buɗe, ya ga mota ba direba tana gaishe shi. Zanar wani gida kawai muka kwasa, da zanen da aka shanya a kanta, muka tafi da su. Tambari ya ɗago yana haki, ya ce in riƙe ranar nan, jikokina za su tambaye ni.

Sai ga bakin kasuwa.

Lorin Mani na tsaye inda take tsayawa, cike maƙil, fatu a sama, kawunan mutane da na awaki na leƙowa ta tsakanin katako. Ina jiyo Mani yana saura mutum ɗaya. Wanda bai san wurin ba, daga nan hanya ta rabu biyu. Ta dama ita ce ta ƙofar gari. Ta hagu gangara ce mai sauka shiyar majema, kuma a gindinta akwai kwatamin da suke zubar da ruwan jima, ruwan toka da bagaruwa da kashin kaji da duk abin da aka kankare daga fata. Warinsa kan tari mutum tun daga nesa, har mu mahauta mukan toshe hanci.

Tambari ya gyara rawani, ya miƙe wuya, ya kai hannu ga ham. Shi a ransa Malam na can gidan gaba a zaune, zai gilma ne kawai a ba Malam labari. Ashe zaman ya ishi Malam Jinaidu, ya sauko yana miƙe ƙafa. Yana tsaye daidai mararrabar, carbi a hannu, ido a kanmu.

To gaisuwar suruki ba irin ta baffa ba ce. Ba a yin ta da hannu ɗaya. Gwiwa biyu ƙasa, hannu biyu ƙasa, ido ƙasa, kuma ba ka ɗagowa sai ya amsa. Tambari bai yi shawara da kowa ba, jikinsa ne ya yi abin da ya saba tun ranar ɗaurin aure. Ya saki sitiyari gaba ɗaya ya zube, gwiwarsa ta sauka bisa abin takawa ta tafi.

Motar ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba. Na ce dama. Na ce Tambari dama. Na ce ka ɗago don Allah. Daga ƙasa sai na ji yana cewa, "Allah gahwarta Malam, an sauko lahiya? Ƙaƙa gida?" Na buga masa ƙafa a baya, ya ce mini cikin raɗa, Malam bai amsa ba tukuna. Ina Malam zai amsa, yana can ya yi tsallen da bai yi ba tun yana saurayi, ya manne jikin lori.

Muka kama gangara. Ragon ya fi mu hankali duka, ya daka tsalle ya fice, igiyarsa kuwa na naɗe a hannuna mai lafiya, ya fizge ni na bi shi. Na faɗi bisa tarin yashi ina kallo. Mota ta sauka ita kaɗai, zanar mutane na binta tana kaɗawa, majema na watsewa, har lokacin ana jin ƙaƙa iyali daga ciki. Sai ji kake tsulum.

Kasuwa duk ta zubo. Mutanen lori suka sauko har da masu goyo. Motar ta nutse zuwa ƙofofi, tana fitar da kumfa. Can sai ga wani abu ya taso daga tsakiya, launin ƙasa-ƙasa, rawani ya warware ya rataya, gashin akuya manne a gemu. Majema suka jefa masa igiya suka jawo shi kamar yadda suke jawo ƙirgi, wato fatar sa. Aka buɗe masa fili, ba don girmamawa ba. Yana ɗaga ido ya ga Malam Jinaidu tsaye a bakin gangara, sai ya sake zubewa, ruwa na tsiyaya, ya ƙarasa gaisuwar daga inda ya tsaya.

Malam ya dube shi sama da ƙasa. Sannan ya juyo gare ni.

"Lahiya lau. Ce mai shi tashi haka nan. Ina ragon?"

Na nuna rago, yana can yana cin ɓawon rake, ko ƙwarzane babu. Malam ya ce madalla, a sa shi lori. Amma in tuna wa maƙwabcina, rago da mai shi ya ce. Ya juya ya hau gidan gaba.

Tambari ya dubi motarsa, ya dubi rana ta yi ja, ya dubi hanyar Dange. Ko doki aka ba shi a lokacin bai isa ba sai tsakar dare, balle babu mai ba shi doki da wannan warin. Ya taka a hankali zuwa wurin Mani, jama'a na darewa. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ya ji ana neman mutum ɗaya.

Mani ya toshe hanci da hularsa ya tambaye shi me yake son shiga, don shi bai da akurki, kaji ma a sama suke. Tambari ya ce wannan dai. Mani ya ce wannan me? Na ga idon Tambari ya kawo ruwa, kuma wallahi a nan na daina jin dariya.

"Lori," in ji shi.

Mani ya ce bismilla. Amma kafin ya ɗaga ƙafa sai wata murya ta fito daga ciki, ta Inna Habiba mai daddawa, wadda duk Juma'a tana nan a kusurwarta.

"Ragon dai shi shigo, ga wuri kusa gare ni. Wanga kau, ba kai kac ce ko gawarka kada a aza ba?"

"Gawa nic ce, Inna. Ai ban mutu ba."

"To warin na wa na?"

Lorin ta ɗauka da dariya har tana girgiza. Inna Habiba ta ce ita shekara da shekaru ana yi mata gorin daddawa a motar nan, yau Allah ya kawo wanda ya fi ta, kuma ba ta zama benci ɗaya da shi. Sauran suka goya mata baya. Aka yi ta ja-in-ja, ƙarshe aka shirya: rago ya samu wurin mutum ɗayan, ni na tsuguna bisa buhun gero, Tambari kuma aka tura shi can sama bisa ɗaurin fatu, tsakanin kwandunan kaji, aka ba shi igiya ya riƙe. Haka muka ratsa gari muka fita. Duk dattijon da muka wuce ba wanda ya ce Tambari bai gaishe shi ba. A yashin bayan Shuni da aka sauka turi, shi kaɗai aka bar wa bayan lorin gaba ɗaya, mu muka kama gefe.

Ana kiran isha'i muka shiga Dange. Bakin rijiya aka kai Tambari, aka yi ta dirza da toka da lemun tsami, rigar kuwa binne ta aka yi. Da asuba, sanye da aron taguwar wani ƙanen Karimatu wadda ta tsaya masa a gwiwa, ya matsa ya raɗa wa wanzami sunan, wanzami ya kai wa Malam. Malam mutum ne mai cika magana. Aka yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Siddiƙu. Tambari ya sa fuska cikin tafin hannu ya yi kuka sosai, ni ma na taya shi kaɗan.

Sai dai akwai abin da ya manta, kamar yadda ya manta gaisuwar Juma'a. Yaron da aka mayar wa sunan kakansa ba a kiransa da sunan. Karimatu ba za ta buɗe baki ta ambaci sunan surukinta ba. Shi kansa Tambari ba zai tsaya tsakar gida ya kira sunan ubansa gatsau ba. Dole a nemi na alkunya, kuma wannan aikin mata ne a cikin gida, ba a shawara da maza. Inna Habiba kuwa a Dange ta sauka, ba ta wuce zuwa Gusau ba, ta ce ba ta barin naman ragon da ya kwana jingine da cinyarta. Tana cikin matan, ta ba su labari tun daga tushe, da kwaikwayon murya. Kafin a sauke tuwon suna, daga ƙofar ɗakin mai jego har bakin kasuwar Dange kowa ya san jaririn da Nalori.

Tambari ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kawo Babangida, ya kawo Maikano, har Maimota ya gwada. Ko ɗaya bai kama ba.

Motar tana nan inda ta faɗa, majema sun ja ta gefe suna shanya fata a kanta, sun ce ba su taɓa samun abin shanya mai kyau irinta ba. A bakin Tambari kuwa labarin ya girma, yanzu wai wani yaro ne ya gilma ya kauce masa da gangan. Ba na musa masa. Nakan bari sai yamma ta yi, in zauna gindin katangarmu in jira. Yaron ya taso da kunnen ƙashi, in yana wasa a lungu ba ya amsa kiran hankali. Sai in ji Tambari ya fito ƙofar gida ya kira a hankali, shiru. Ya ƙara, shiru. Daga nan sai ya cika ƙirji da wannan muryar tasa da ake ji har mahauta, duk shiya na saurare.

"Nalori! Kai Nalori, zaka nan!"